Make, CMake ko Meson: wanne za ka ɗauka idan za ka gyara rubutun manhaja ka sake harhaɗa ta?

Duk wanda ya taɓa sauko da rubutun wata manhaja, ya gyara layi biyu, ya zo sake harhaɗa ta, ya san ba a gyaran wahalar take ba. Tana wurin tsarin harhaɗawa ya gane wane fayil ya dogara da wane, ya sake gina duk abin da gyaran ya shafa. Make, CMake da Meson duk irin wannan tsari ne, mai tsara yadda za a mayar da rubutu ya zama manhajar da kwamfuta za ta iya gudanarwa, kuma da wannan ma'aunin nake auna su, don a nan na sha kashi.

Make dattijo ne, Stuart Feldman ya ƙirƙiro shi a Bell Labs tun 1976, kuma abin da ka gaya masa kaɗai ya sani. Na taɓa ƙara abu ɗaya a wani fayil na .h (irin wanda sauran fayilolin yaren C ke dogara da shi), na buga make, ya gama kafin in ɗaga kofin shayi. Sai manhaja ta riƙa faɗuwa. Kwana biyu ina neman kuskure inda babu shi, ashe wanda ya rubuta Makefile ɗin, wato fayil ɗin umarnin da Make ke bi, bai jera fayilolin .h ba, rabin manhajar sabo, rabi tsoho. Maganin shi ne ka ƙara umarnin -MMD a gaban gcc, shirin da ke fassara rubutun C, da layi ɗaya a Makefile, amma sai wanda ya sani.

Ni dai Meson nake ɗauka. Jussi Pakkanen ya fito da shi a 2013, da Python aka rubuta shi, kuma wani ƙaramin shiri mai suna Ninja yake miƙa wa aikin ginin. Ninja yana bin diddigin fayilolin .h da kansa, har in ka sauya umarnin da ake ba gcc zai lura ya sake gini. Ba ya yarda ka yi gini a cikin rubutun manhaja, sai a wani babban fayil na daban, in abu ya rikice ka share shi ka sake, cikin minti ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne fayilolin wrap: ka rubuta inda za a sauko da laburaren da ka dogara da shi (wato rubutun wasu da manhajarka ke amfani da shi), da lambar tantancewarsa, da facin da ka yi masa, wato gyare-gyarenka. Lambar ta saɓa, gini ya tsaya. Manyan manhajojin Linux irin su GNOME, systemd da Mesa duk sun koma kansa, ka ga ba abin wasa ba ne. Aibinsa, shi ma Ninja, kamar Make, da agogon kwamfuta yake gane fayil ɗin da aka gyara, in batirin agogonka ya mutu ka gyara shi tukuna.

CMake na Kitware yana ko'ina, dole ka iya karanta shi, amma rubuta shi ciwon kai ne. Bazel na Google ne, an yi shi don masu dubban injiniyoyi, zai cinye maka data kafin ka ga komai. Nix yana da kyau ga mai watanni na koyo.

Sai maganar 'yan damfara, wadda ta fi duk wannan muhimmanci. Ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund ya fallasa wata ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a cikin xz, manhajar matse fayiloli, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura shiga ta ssh, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana aiki kamar mutumin kirki har aka ba shi amana. Duba inda ya ɓoye makullin: a fayil ɗin build-to-host.m4, cikin kayan Autotools, wani tsohon tsarin harhaɗawa, da ba wanda yake karantawa, kuma gurɓataccen yana cikin ƙunshin da ake saukewa ne, babu shi a ma'ajiyar git, inda ake ajiye rubutun manhajar da tarihin gyare-gyarensa. Wato ko ka karanta rubutun C layi-layi ba za ka gani ba, a wurin harhaɗawa aka zuba guba.

Tun daga nan ba na gina ƙunshi sai na kwatanta shi da abin da ke git, na buga sha256sum don duba lambar tantancewarsa, na duba sa hannun gpg mai nuna wanda ya fitar da shi. Shi ma sa hannun bai isa ba, don Jia Tan da kansa ya sa hannu a nasa. Wanda kuma ya turo maka "gyararriyar" manhaja a Telegram ba tare da facin da ya yi ba, ka ce ya turo facin ka gina da kanka. In ya fara kame-kame, ka share fayil ɗin.