Kayan kariya daga gobara a mahaƙar kwal: wanne za a fara saya?

In kuɗi ba su kai a sayi komai lokaci guda ba, a fara da abin da zai yi gargaɗi da wuri da abin da ma'aikata za su shaƙa su fita. A ƙarƙashin ƙasa hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. A gobarar mahaƙar Soma ta Turkiyya a 2014 mutum 301 suka rasu, akasarinsu kabon monoksaid, iska mai guba da ke cikin hayaƙi, ce ta hallaka su.

Na'urar gargaɗi iri biyu ce. Mai jin zafi tana da araha, amma sai wuta ta kankama take ƙara. Mai gano kabon monoksaid tana kama kwal tun yana cin kansa a ɓoye, ko bel ɗin jigilar kwal ya fara gogar ƙarfe yana ɗumi. Ita zan zaɓa, a jera ta bisa tsawon bel ɗin. Sai dai hayaƙin injin dizal kan ruɗe ta, don haka a tambayi dillali yadda tasa take bambancewa.

Nan ne masu saye suka fi yin kuskure: abin numfashin ceton kai, wanda shi ma iri biyu ne. Mai tacewa, wanda ake ratayawa a ɗamara, yana juya guba zuwa iskar da ba ta kisa nan take, amma ba ya ƙara oksijin. Wuta ta cinye oksijin ɗin rami, to bai da amfani. Mai samar da oksijin da kansa ya fi nauyi da tsada, kuma dokar Amurka ta ce ya riƙe mutum aƙalla awa ɗaya. A auna tafiyar ƙafa daga bakin aiki zuwa waje; in ta wuce awa, a ajiye ƙarin wasu a hanya.

Kashe wutar kanta kuwa, ruwa ne gaba wajen kwal da bel, kumfa ga mai, hodar kashe wuta ga injina da wayoyin lantarki. Tukunyar kabon dayoksaid a rami mai ƙunci tana iya shaƙe mai riƙe da ita.

Kafin a biya, a ɗaura tiyo a bakin famfon rami a gani ko bakinsu ya dace da juna. A mahaƙar Aracoma ta Amurka a 2006, da bel ya kama da wuta, bakin tiyo bai dace da na famfo ba, ga bawul a rufe. Ma'aikata biyu suka mutu.