Waƙa ɗaya, faifai biyar: wanne za ka saya daga wasannin waƙa na Broadway da Landan?

Duk wanda ya ji magoya bayan Liverpool suna rera "You'll Never Walk Alone" a Anfield ya ji waƙar wasan dandamali, ko da bai sani ba. Richard Rodgers da Oscar Hammerstein ne suka tsara ta don wasan Carousel a New York a 1945, sai a 1963 ƙungiyar Gerry and the Pacemakers ta sake rera ta har ta faɗa filin ƙwallo. Irin waɗannan wasanni da ake haɗa labari da waƙa da rawa a gaban 'yan kallo, a gidajen wasan Broadway a New York da na West End a Landan, sun bar waƙoƙi masu ɗimbin yawa. Wahalar mai saye ita ce, in ka nemi sunan wasa ɗaya a Spotify ko a kantin faifai, sai faifai biyar ko shida su fito da suna guda. Muryoyin daban, jerin waƙoƙin daban, wani lokaci har baitocin ma an canza su.

Don haka kafin ka duba farashi, karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan wasan a bango. In an rubuta Original Broadway Cast ko Original London Cast, to 'yan wasan da suka fara buɗe wasan a wannan birni ne. In ka ga Soundtrack, na fim ne. New Broadway Cast ko Revival na nufin an sake ɗora wasan bayan shekaru da sabbin mutane. Studio Cast kuwa mawaƙa ne aka tara don faifan kawai, ba su taɓa yin wasan tare a dandamali ba. Highlights kuma tsakure ne, an zaɓo kaɗan an bar saura.

Faifan 'yan wasan farko ba a cikin gidan wasa ake ɗaukarsa ba. Tsohuwar al'adar Broadway ita ce a kwashi 'yan wasa da makaɗa zuwa sitidiyo a ranar hutunsu, yawanci Lahadin da ta biyo bayan buɗewa, a gama komai a yini ɗaya. Shi ya sa za ka ji zafi da karsashi a muryoyin, domin waƙar tana bakinsu kullum dare. Illarsa kuwa ƙarancin wuri. Oklahoma! da kamfanin Decca ya fitar a 1943 ya zo ne a faifan garmaho shida masu juyi 78 a minti, kowace fuska ba ta wuce minti uku da ɗoriya ba, dole aka datse waƙoƙi aka bar wasu. Ko da babban faifai mai juyi 33 ya zo a 1948, fuska ɗaya wajen minti 22 zuwa 25 take ɗauka. Wasan da ke cin awa biyu da rabi sai a matse shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Kiɗan rawa da maimaicin waƙa su ne ake fara jefarwa.

Faifan fim yana da yawan makaɗa da tsabtar sauti, amma akwai abin da masu kallon Kannywood da fina-finan Indiya suka daɗe da sani: wanda kake gani yana motsa baki ba lallai ne shi ke waƙar ba. Mamin ne. Bambancin shi ne a Hollywood ta wancan zamani ɓoyewa ake yi. Marni Nixon ce ta rera wa Deborah Kerr a The King and I na 1956, ta rera wa Natalie Wood a West Side Story na 1961, ta kuma rera mafi yawan waƙoƙin Audrey Hepburn a My Fair Lady na 1964, kuma ba a sa sunanta a jikin fina-finan ba. Wannan ba aibi ba ne ga kunne, don ƙwararriya ce. Sai dai in don muryar tauraruwar da ke bango za ka biya kuɗi, ka san abin da kake saye.

The Sound of Music ne wurin da aka fi yin kuskure. Galibi fim ɗin 1965 mutane suka sani, na Julie Andrews, wanda RCA ta fitar da faifansa. Wanda ya sayi na Broadway na 1959 zai ji Mary Martin, mai murya mai nauyi da manyantaka, kuma zai nemi "I Have Confidence" da "Something Good" ya rasa. Rodgers ya rubuta su ne shi kaɗai don fim ɗin, bayan rasuwar Hammerstein a 1960. A maimakonsu na dandamali yana da waƙoƙi uku da fim ya cire, ciki har da "No Way to Stop It", inda ake lallashin Kyaftin von Trapp ya sassauta wa 'yan Nazi, waƙar da ta fi kowace fito da siyasar labarin. "My Favorite Things" ma a dandamali Maria, jarumar labarin, da shugabar gidan zuhudu ne suke rera ta, ba yara cikin tsawa ba. In faifai ɗaya za ka saya don gida da yara, ɗauki na fim. Muryar Kyaftin a ciki ta Bill Lee ce, ba ta Christopher Plummer ba.

My Fair Lady kuwa akasin haka ne, kuma a nan ne ake buƙatar sa ido. Julie Andrews da Rex Harrison da Stanley Holloway sun ɗauki wasan sau biyu a kamfanin Columbia. Na farko a New York a watan Maris 1956, kwanaki kaɗan bayan buɗewa, da sauti mai hanya ɗaya, wato mono. Na biyu a Landan a 1959, da sitiriyo. Zanen bangon iri ɗaya ne, amma na farko fari ne, na biyu ruwan zinare. A tsofaffin faifan Amurka lambar na farko OL 5090, ta na biyu OS 2015. Mai saye yakan ga kalmar sitiriyo ya ɗauka shi ne mafi kyau. A ganinmu na 1956 ya fi. A lokacin Andrews tana da shekara 20, muryarta garau, Harrison kuma yana yin waƙarsa mai kama da magana cikin natsuwa da barkwanci. Zuwa 1959 sun yi wasan ɗaruruwan lokuta, Harrison ya koma kusan ihu a wasu wurare, gajiya kuma ta fara bayyana. Na Landan ya fi faɗin sauti, shi ke nan fifikonsa. Na fim ɗin 1964 ya zo na uku, sai ga wanda fim ɗin ne ya shiga ransa.

West Side Story na Leonard Bernstein da Stephen Sondheim yana da manyan faifai huɗu, kuma kowanne da mutanensa. Na 1957, da Larry Kert da Carol Lawrence da Chita Rivera, shi ne mai sauri da kaifi, kuma an ɗauke shi da sitiriyo tun asali. Na fim ɗin 1961 ya sauya wurin "Cool" da "Gee, Officer Krupke", ya kuma sake baitocin "America". A dandamali mata ne kawai suke gardama tsakaninsu, a fim aka mayar da ita sa-in-sa tsakanin maza da mata kan wariyar da 'yan Puerto Rico ke sha a New York. Da yawa sun fi son baitocin fim, kuma suna da hujja. Na uku shi ne wanda Bernstein da kansa ya jagoranta, Deutsche Grammophon ta fitar a 1985, da Kiri Te Kanawa da José Carreras. Kiɗan makaɗa a nan babu kamarsa, kuma kusan komai yana ciki. Amma mawaƙan opera ne manya suke taka rawar matasan titi, ga Carreras da harshen Sifaniya a bakinsa alhali Tony da yake wakilta ɗan ɓangaren da ke gaba da masu wannan harshe ne. Kada ya zama faifanka na farko. Na fim ɗin Spielberg na 2021 ya fi duka tsabtar sauti, kuma 'yan wasan da bakinsu suka rera.

Sauran ba su da wuyar zaɓi haka. South Pacific na 1949 da Mary Martin da Ezio Pinza shi ne ma'auni, mono ne, wanda kuma kunnensa ba ya jure tsohon sauti ya nemi na 2008 da Kelli O'Hara da Paulo Szot. A The King and I na fim ya fi daɗin ji, don muryar Gertrude Lawrence a faifan 1951 takan kauce wa kari. Fiddler on the Roof kuwa zaɓi ne tsakanin Zero Mostel na 1964, mai ban dariya, da Topol na fim ɗin 1971, inda John Williams ya sake tsara kiɗan don fim, Isaac Stern ya ja goge.

Show Boat na 1927 ba shi da faifan 'yan wasan farko na Broadway. Mai son "Ol' Man River" ya nemi muryar Paul Robeson, wanda ya rera ta a Landan a 1928 da kuma fim ɗin 1936. Cikakken wasan yana cikin CD uku da EMI ta fitar a 1988 ƙarƙashin John McGlinn, fiye da awa uku da rabi. A sani cewa an dawo da baitocin asali a ciki, har da kalmar cin mutuncin baƙar fata da ke buɗe wasan. Ba faifan da za a kunna wa ɗalibai ba ne ba tare da bayani ba.

Sai maganar a wace siffa za ka saya. Sauraro ta intanet ne mafi araha wajen gwadawa, kuma shi ya kamata ka fara da shi: ka ji waƙa ɗaya a faifai uku kafin ka kashe kuɗi. Awa ɗaya a ingancin 320 kbps tana cin data wajen MB 144, a 96 kbps wajen MB 43. Tsofaffin faifan mono ba sa rasa wani abin kirki a ƙaramin inganci. Ka kula da shekarar da manhaja ke nunawa, don sau da yawa shekarar sake bugawa ce ba ta ɗauka ba. Sunayen mawaƙa su ne shaida.

CD ya fi dacewa da mai son mallaka. Yana ɗaukar kusan minti 80, shi ya sa sabbin bugu sukan dawo da abin da aka yanke, ga ɗan littafin bayani a ciki. Tarko ɗaya: a Turai haƙƙin mallakar sautin da aka fitar kafin 1963 ya ƙare, saboda haka ƙananan kamfanoni suna kwafo waƙoƙin daga tsofaffin faifai su haɗa hamsin ko ɗari a akwati mai araha. Za ka ji ƙaiƙayin allura, ko kuma an goge ƙarar har muryar ta dushe. Nemi bugun kamfanin da ke riƙe da kaset na asali: Sony Masterworks Broadway don mafi yawan na Columbia da RCA, Decca Broadway don na Decca. Wani akwatin ma babu sunan mawaƙi ko ɗaya a bayansa. Wannan kwaikwayo ne, ajiye shi.

Baƙin faifai na gwanjo yana da farin jini yanzu, amma yana son kulawa a ƙasa mai zafi. In ya kwana cikin mota ko kusa da taga zai lanƙwashe, don haka a tsaye ake jera shi, a inuwa, cikin rigarsa saboda ƙurar hunturu. Masu sayarwa a Discogs, kasuwar faifai ta intanet, suna sa darajar lafiyar faifai, kada ka sauka ƙasa da VG+, wato mai kyau sosai. Guji wanda aka rubuta wa "electronically reprocessed for stereo", mono ne aka raba da dabara, sautin ya zama kamar daga cikin rijiya. In za ka sayo na'urar juya faifai daga Amurka, duba bayanta: wutarsu volt 120 ce mai 60 Hz, tamu a Najeriya da Nijar da Gana 220 zuwa 230 mai 50 Hz. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wutar, amma in motar na'urar da bugun wuta take tafiya, faifan zai juya da kashi biyar cikin shida na saurinsa, Julie Andrews ta koma kamar namiji.

Mai koyon waƙar da baki kuma ya yi hattara da DVD na tsarin PAL, wato tsarin talabijin na Turai da Najeriya. Fim ɗin da aka ɗauka da hoto 24 a daƙiƙa ana gudanar da shi a 25, wato saurin ya ƙaru da kashi 4 cikin ɗari, kuma in ba a gyara ba muryar takan ɗaga sama da fiye da rabin ƙaramin mataki. In ka haddace daga nan, ranar da aka buga maka fiyano daga littafin waƙar za ka ji ba ku daidaita ba. Littafin ma iri biyu ne. Vocal Selections zaɓaɓɓun waƙoƙi ne da aka sauƙaƙa, wani lokaci har an sauya musu matakin murya. Vocal Score shi ne cikakke yadda ake yi a dandamali, ya fi kauri da tsada, kuma shi malamin makaranta mai shirin ɗora wasan yake buƙata, tare da izinin masu haƙƙi: Concord Theatricals don wasannin Rodgers da Hammerstein, Music Theatre International don My Fair Lady da West Side Story da Fiddler on the Roof.