Dutsen Wasa Aska da Gilashin Duba Kaifi: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya mallaki aska mai ninkewa, ko ta Dovo ce da ake ƙerawa a Solingen ta ƙasar Jamus, ko ta Thiers-Issard ta Faransa, wata rana zai ji ta fara jan gashi maimakon yanke shi, kuma daga nan gogawa a fata kaɗai ba za ta dawo da ita ba. Abu biyu yake bukata: dutsen da zai gyara bakin, da gilashin da zai nuna masa abin da dutsen ya yi. Wanzamanmu kan gwada kaifi a gashin hannu, kuma gwajin yana da kyau, sai dai ba ya faɗa maka inda matsalar take idan askar ta ƙi ci.

A wajen gilashi, zaɓina shi ne irin na masu duba zinari da duwatsu masu daraja, mai ƙara girma sau 10, wanda aka haɗa da ruwan gilashi uku, kamar na BelOMO da ake yi a Belarus. Ana riƙe shi kusan santimita 2.5 daga bakin askar, saboda haka haske yana samun hanyar shiga, kuma mutum yana ganin yanki mai faɗi a lokaci guda. Ka tsaya kusa da taga, ka juya bakin sama, ka karkata shi a hankali: idan wani wuri ya yi ƙyalli kamar zare, to gefe biyun bakin askar ba su haɗu ba a nan, domin bakin da ya kammala ba ya mayar da haske. Wannan ne muhimmin abin da ake son gani, kuma sau 10 ya ishe shi. Ƙananan nan masu fitila, na sau 60 zuwa 120, suna nuna ɓallewar baki sosai, amma dole a kusanto da su har su kusa taɓa ƙarfen. Waɗanda ake jonawa da kwamfuta kuwa, masu rubutun 1000x a kwali, girman allo suke lissafawa, ba ƙarfin gilashin ba.

A wajen duwatsu ba na ɓoye cewa na fi son na ruwa da kamfanin Naniwa na Osaka a Japan yake yi, kuma dalilina shi ne lambar da ke jikinsu, wadda take nuna laushin dutse (gwargwadon girman lamba, gwargwadon laushi), tana faɗin gaskiya. Mai lamba 1000 shi ne tushen aikin, domin a kansa ake haɗa gefe biyun bakin. Wanda ya bar shi da wuri, ko ya kwana a kan 12000 askar ba za ta yi aski ba. Ana kwantar da askar gaba ɗaya, bayanta da bakinta suna taɓa dutsen tare, saboda kaurin bayan shi ne yake tsayar da kusurwar kaifin. Kafin farawa a shafa tawadar maka a bakin, a ja askar kaɗan, a duba da gilashi: inda tawada ta rage, dutse bai kai can ba. Daga nan sai 3000 ko 5000, sai 8000, kowanne yana goge zanen da na baya ya bari, hannu yana ƙara sassautawa, a ƙarasa da fata. Waɗannan duwatsun ba a jiƙa su cikin ruwa, yayyafawa ake yi, kuma a lokacin hunturu a bar su su bushe a inuwa nesa da iska, domin bushewa da gaggawa tana tsattsaga su. Suna kuma bukatar a riƙa daidaita fuskarsu: a zana layuka da fensir, a goga a kan samfefa mai ruwa da aka shimfiɗa kan gilashi har layukan su ɓace.

Dutsen Beljiyam mai ruwan ɗorawa, wanda ake haƙowa a yankin Vielsalm, yana ba da aski mai taushi, amma kowane guda da halinsa, kuma ba na mai koyo ba ne. Ledar gogewa ta kamfanin 3M, wadda ake wasa aska a kanta a madadin dutse, tana da araha, tana kuma aiki, sai dai ƙarewa take yi.

Inda ya kamata a fi buɗe ido shi ne kasuwar jabu. An taɓa sayar mini da dutse mai fuska biyu da aka rubuta wa 3000 da 8000, amma da na duba zanen da ya bari, ya fi na 1000 ɗina kaushi, kuma ya ɓaɓɓalle bakin askar da na daɗe ina kula da ita. Irin waɗannan sun cika shagunan intanet, siffarsu ɗaya, sunan kawai ake canzawa, kuma alamarsu ita ce kyautar matashin gora na ɗora dutsen da farashin da bai kai rabin na dutse ɗaya na gaske ba. Duwatsun da aka haƙo daga ƙasa a yankin Kyoto na Japan sun fi haɗari ga aljihu, domin hatimin Nakayama, wata shahararriyar mahaƙar dutse a can, tawada ce kawai da kowa zai iya bugawa, saboda haka kada a biya kuɗin hatimi sai ga dillalin da ya yarda a mayar masa da kaya. Haka gilashi: da yawa an rubuta musu 30x alhali ba su wuce sau 10 ba, kuma ana gane su idan rubutu ya fito sarai daga nisan santimita 2 ko fiye, domin na gaske sai an kusanto da shi ƙasa da santimita 1. Kafin a biya, a nemi hoton kwalin da lambar samfurin, a kwatanta su da abin da ke shafin kamfanin.