Jilen ruwa da na saya wa yara a Duwala, ga yadda na same shi

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayata kan rigar nan mai hana nutsewa a ruwa da ake cewa jile, wadda na saya a Duwala kafin mu wuce Kribi, garin bakin teku a Kamaru, da iyali, to ga bayani.

Kala biyu na tarar a shagon. Akwai mai arha, soso ne kawai aka ɗinke cikin yadi ruwan lemu, zip ɗaya a gaba, ba kwala ba maɗaurin ƙasa. Wannan dan Allah kar ku saya wa yaro, yana faɗawa ruwa rigar za ta yi sama ta rufe masa fuska shi kuma ya zame ta ƙasa. Wadda na ɗauka an rubuta 100N a jikinta, wato ma'aunin ƙarfinta na riƙe mutum a saman ruwa, tana da kwala mai kauri da ke tallafe ƙeya, da maɗauri mai bi ta tsakanin ƙafafu, har da usur. Ta fi tsada kam amma wlh ta ci kuɗinta. Ku duba kilon nauyin yaro da aka rubuta a ciki, kar a ce a sayi babba yaro ya girma da ita, ba kayan sallah ba ne. A sa masa a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ja sama, in ta kai kunnensa ta yi masa yawa.

Aibinta zafi, yara suna ta mita. Kuma gishirin teku yana cin zip ɗin, sai an ɗauraye da ruwan famfo a shanya a inuwa, kar a bar ta a rana kar kuma a zauna a kanta don soson yana mutuwa.

Amma abin da ya fi damuna, mu 'yan arewacin Kamaru kogin Binuwai muka sani da dam ɗin Lagdo da kogin Logon, sai mutum ya ce ai ya iya iyo tun yana yaro, teku fa daban take. Wurin da ka ga ruwa ya kwanta lumui tsakanin igiyoyi masu fashewa, sau da yawa nan ne ruwan ke komawa ciki da ƙarfi, kuma jile ba ya hana shi jan mutum, riƙe ka kawai zai yi a sama. In ya ja ka kar ka yi kokawa da shi za ka gaji, ka yi iyo ta gefe kana bin tsawon gaɓa har ka fita daga bakinsa sannan ka nufo tudu, in ka kasa ka ɗaga hannu ka busa usur. Masuntan wurin sun san inda ba a shiga, a tambaye su kafin yaro ya taka ruwa.

Ko a gida tana da amfani. Wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a Kuseri da Njamena ya san yadda kwalekwale ya zama abin hawa cikin unguwa, an cika shi da mata da yara ba ko jile ɗaya. Nawa yanzu suna rataye bayan ƙofa, ɗaya kuma na aika wa ƙanena a Kuseri kafin watan Satumba.