Dillalin unguwa ko ofishin masu rajista: wa za ka riƙe wajen sayen fili a Sakkwato?

Malam, ka ce kana da kuɗin fili ɗaya a hannu, kana duba wajen Arkilla ko Kwannawa, ka rasa wanda za ka bi: dillalin da abokinka ya haɗa ka da shi, ko ofishin masu ƙiyasta filaye da gidaje. Amsar tana ga irin takardar da filin yake da ita, don haka bari mu jera su biyun mu gani.

Wajen sanin ƙasa, ofishi bai kama ƙafar dillalin unguwa ba. Shi ya san wanda ya matsu yana son sayarwa kafin biyan kuɗin kujerar Makka, ya san gidan da magada ba su daidaita ba, ya san lungun da ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Ya goya ka a babur da hantsi, kafin azahar ka ga filaye biyar, kuma yawancinsu ba za su taɓa shiga littafin wani ofishi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ba ya samun ko kwabo sai an yi ciniki, saboda haka abin da ya sani na aibin fili ba lallai ya faɗa maka ba. Sannan sau da yawa ba shi kaɗai ba ne. Tsakaninka da mai fili akwai dillalai uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa, filin da mai shi ya sallama a miliyan uku ya iso kunnenka a miliyan huɗu. Tambayar farko da za ka yi masa ita ce: "Mai filin ne ya ba ka da kansa, ko a wajen wani ka ji?" In ya fara kame-kame, ka san layin yana da tsawo.

Mai ofishi kuwa, in na gaske ne, yana da rajista da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa a 1975 don kula da wannan sana'a, kuma ɗan NIESV ne, wato ƙungiyar masu sana'ar. Yana da lamba da hatimi, yana ba da rahoton ƙimar fili a rubuce wanda banki da kotu ke karɓa, in ya cuce ka akwai inda za ka kai ƙara. Sai dai kayansa kaɗan ne, galibi gidaje da filaye masu cikakkiyar takarda a wurare irin su GRA, masu tsada, kuma aikinsa na tafiya a hankali. A kula: ba duk shagon da ya kafa allo ya rubuta harkar filaye ba ne mai wannan rajista. Rajistar kamfani daban, rajistar sana'a daban. Ka nemi lambarsa.

La'ada kusan ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Abin da aka saba ji shi ne kashi 5 cikin 100 a saye, wato naira 200,000 a filin miliyan huɗu, da kashi 10 na kuɗin shekara a haya. Ofishi zai rubuta maka. Dillali sai ka tsare shi ku yanke magana gaban shaida tun kafin ya nuna maka komai: nawa ne, kai kaɗai za ka biya ko har da mai sayarwa, kuma la'ada ɗaya ce ko da su goma ne, su raba tsakaninsu.

Yanzu maganar takarda, wadda ita ce mai raba gardama. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Abin da kake saye haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce mai takardar gwamnati ba zai miƙa ta ga wani ba sai da amincewar gwamna. Filin awon gwamnati yana da lambar fayil a ma'aikatar filaye, ana iya bincikarsa. Irin wannan, ka bi ofishi ko dillali duk ɗaya, tunda fayil zai faɗi gaskiya. Amma Arkilla a ƙaramar hukumar Wamakko take, Kwannawa a Dange/Shuni, wuraren da gari ya ci gonaki, kuma da yawan filayen awon igiya ne: mai gona ya yanka ya sayar, takardar da ke hannu ta mai unguwa ce ko ta uban ƙasa, wani lokaci ta ƙaramar hukuma. Takardar mai unguwa shaidar an yi ciniki ce kawai, ba ta hana gwamnati fitar da hanya ta tsakiyar filin, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar ba. A nan ofishi ba shi da abin da zai nuna maka, dillali ne hanyarka, sai dai ka ɗauki lauya da safiyo naka na kanka, ba waɗanda shi ya kawo ba.

Ko wanne ka bi, kada kuɗi su fita sai ka ga mai fili ido da ido, sunan da ke katin shaidarsa ya yi daidai da na takarda. In da fayil, lauya ya duba sunan wa ke ciki, ko an jinginar da filin a banki, ko ana bin bashin harajin ƙasa. A tambayi hukumar tsara birane ko wurin ya faɗa kan hanya, magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ka je da tef a auna a gabanka: 50 bisa 100 na nufin ƙafa, kusan mita 15 bisa 30, kuma an sha cewa 50 ne a tarar 43 saboda maƙwabci ya turo katanga. Ka nemi duwatsun iyaka huɗu ka gan su da idonka. Ka dawo wata rana kai kaɗai, bayan la'asar, ka zauna da masu zaman majalisar layin ka tambayi filin wane ne. Abin da za ka ji a nan ya sha bamban da abin da ake faɗa gaban dillali.

In filin gado ne, ɗa ɗaya ba ya sayarwa, ko da shi ne babba. Ko duk magada su sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu, ko a kawo takardar rabon gado daga kotun shari'a da ta nuna filin ya faɗo rabonsa.

Kafin alƙalami ma a rubuta shi, da sharaɗin za a mayar maka in bincike ya nuna matsala. Cikon kuɗin ka tura asusun mai fili kai tsaye ta banki, la'ada ka biya daban bayan an sa hannu a takardar ciniki da lauya ya rubuta, da shaidu biyu daga kowane ɓangare. Daga nan kada ka bar filin haka. Ka zuba yashi da bulo, ka ɗaga katanga ko da layi uku ne, domin filin awon igiya da aka bari fayau shi ne wanda ake sake sayar wa wani. Sannan ka kai takardunka ma'aikatar filaye ka fara neman takardar mallaka da sunanka.