Wace wuƙar aljihu ce ta ci kuɗinta? Opinel, Victorinox, Buck, Spyderco da sauransu

Masu sayen wuƙar aljihu da yawa sunan ƙarfen da aka buga a jikin ruwanta suke fara dubawa, sai farashi. A ganinmu, duka biyun a baya suke zuwa. Abin da ke sa wuƙa ta ci da kyau shi ne sirantar ruwanta daga baya zuwa kaifi, sai kuma yadda maƙera suka gasa ƙarfen suka sanyaya shi. Ƙarfe mai tsada da aka yi wa ƙira mai kauri tsaga abu yake yi, ba ya yanka. Da wannan ma'aunin muka jera kamfanonin nan.

Mu fara da Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya soma ƙerawa a 1890 a yankin Savoie. Lamba 8 ce ta fi shahara: tsawon ruwanta santimita 8.5, nauyinta wajen giram 45, ƙotarta ta katako, kaurin bayanta bai kai milimita 2 ba. Wannan sirantar ce sirrinta. A yankan kwali, igiya ko fiƙe itace, tana shiga sumul inda wuƙar da ta ninka ta kuɗi sau da yawa take cijewa. Makullinta wani zobe ne na ƙarfe a wuyan ƙota, wanda aka ƙara mata a 1955. Ka buɗe, ka murɗa zoben, ruwan ya tsaya. Iri biyu ake yi. Mai ƙarfen kabon ta fi saurin wasuwa kuma kaifinta ya fi ci, amma idan aka bar ta da danshi dare ɗaya za a wayi gari da tsatsa. Ɗayar kuma ƙarfe marar tsatsa ce, ita ta dace da wanda ba zai riƙa gogewa ba.

Aibinta a katakon yake. Da ya sha ruwa sai ya kumbura ya matse ruwan wuƙar, har farce ya kasa jawo shi. Kada a sa ƙarfi. A riƙe ta ta wajen zoben, a buga ƙarshen ƙotar a kan tebur sau ɗaya ko biyu, tsinin zai leƙo. Maganin dindindin shi ne a bar ta a buɗe ta bushe sarai na kwana biyu, sannan a ɗiga mai a cikin tsagar katakon ya tsotsa. Kuma ba a banƙarar komai da ita, tsininta karyewa zai yi. Duk da haka, babu wuƙar da ta kai ta biyan kuɗinta a cikin jerin nan.

Victorinox ta Suwizalan wani fanni ce daban. Karl Elsener ya kafa ta a Ibach a 1884, ta fara ba sojojin ƙasar wuƙa a 1891, ta kuma saye abokiyar gasarta Wenger a 2005. Ƙarfenta mai taushi ne, wajen 56 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell, don haka tana dakushewa da wuri. Mutane na kushe ta a kan haka, mu kuwa ba mu ɗauke shi babban laifi ba: shafa goma a kan dutse ta dawo daidai, kuma tsatsa ba ta kama ta da sauƙi. Inda ta gagari kowa shi ne daidaiton aiki. Ɗauko guda goma daga kwali ɗaya, sifirin ɗinsu ƙara ɗaya yake yi, babu wadda ruwanta ke gogar gefe. Almakashinta da zartonta na gaske ne, ba ado ba. A sani cewa masu tsawon milimita 91 ba su da makulli, sifirin ne kawai ke riƙe ruwan, saboda haka soka abu da tsininta hanya ce ta yanke yatsa. Kada kuma a ruɗu da masu kayan aiki talatin; mai jerin kayan aiki hawa biyu ko uku ita ke zama a aljihu, sauran a durowa suke ƙarewa. Idan ta yi tauri, a buɗe ta a rufe a cikin ruwan ɗumi, a shanya, a ɗiga mai a gaɓoɓin.

Buck 110 ta Amurka, wadda ta fito a 1964, ita ta koya wa duniya amincewa da makullin baya. Ƙarfenta 420HC ne, wanda a takarda ba wani abin a zo a gani ba ne, amma gashin da Buck ke yi masa ya sa yana riƙe kaifi fiye da irinsa a hannun wasu kamfanoni. Ita ce hujjarmu mafi ƙarfi cewa suna ba shi ne aiki ba. Sai dai nauyinta ya haura giram 200, ba ta da maƙalin aljihu, sai a kube a ɗamara, kuma da hannu biyu ake buɗe ta. Ga mafarauci daidai ne. Ga mai yawo da ita kullum, kaya ce. A riƙa sakace ramin da makullin ke faɗawa, domin zaren aljihu da ƙura kan cika shi, makullin ya ƙi zama har ƙasa.

Idan aka zo wuƙaƙen zamani masu buɗewa da hannu ɗaya, Spyderco muka fi so, ba ma ɓoyewa. Wanda ya kafa ta, Sal Glesser, shi ne ya kawo wani rami zagayayye a jikin ruwa, na buɗewa da babban yatsa, da kuma maƙalin aljihu, a wuƙarsa ta farko a 1981, yau kusan kowa ya kwaikwayi maƙalin. Wasu na cewa siffarta ba ta da kyan gani, kuma ba za mu yi musu ba, amma a riƙe ta a yi aiki na rabin awa, sai a gane cewa don hannu aka zana ta. Delica, wadda ake ƙerawa a Seki ta Japan da ƙarfen VG-10, kaurinta milimita 2.5 ne, nauyinta wajen giram 70. A nemi wadda aka fefe ruwanta tun daga baya har kaifi, ta fi mai rabin fiƙa yanka nesa ba kusa ba. Paramilitary 2 ta fi ƙarfi, makullinta a bayan ƙota yake, yatsa ba ya shiga hanyar ruwa lokacin rufewa. Amma kaurinta ya haura milimita 3.5, ga tsini siriri, shi ya sa ake yawan ganinta da karyayyen baki a hannun masu mayar da wuƙa sukundireba.

Benchmade ta jihar Oregon ta yi suna da makullin Axis, sakata ce da ke ratsa ƙota, ana ja da baya ta kowane gefe, abin da ya sa bahagwai ke son ta. Bugout, wadda ta fito a 2017, nauyinta giram 52 ne kacal, da ƙarfen S30V. Wuƙa ce mai kyau. Matsalarmu da ita kuɗi ne: abin da za a biya guda ɗaya zai sayi Opinel fiye da biyar, alhali ƙotarta roba ce da ke lanƙwasa idan aka matsa. Sakatar kuma ƙananan sifirin biyu ne na waya ke tura ta, su kan gaji su karye. Ɗaya ya karye wuƙar na aiki, biyu suka tafi makulli ya mutu. S30V ɗin ma yana da sharaɗi: sinadarin banadiyam da ke cikinsa ya sa dutsen wasa na gama-gari yake wahala da shi, sai mai lu'ulu'u. Wanda ba shi da irin wannan dutse, ranar da ta dakushe ya shiga uku.

Kamfanonin Sin sun sauya kasuwar, musamman Civivi ta birnin Yangjiang. Wuƙarta Elementum tana buɗewa santsi saboda ƙananan boris da ke gaɓarta, kuma kammaluwar aikinta ta wuce farashinta. Abu biyu za a kula. Ƙarfenta na D2 yana da sinadarin kuromiyam mai hana tsatsa wajen kashi 12 cikin ɗari, bai cika zama marar tsatsa ba, gumi ma kan bar masa tabo. Boris kuwa ba ya shiri da yashi; mai aiki cikin ƙura ya nemi wuƙa mai washa a gaɓarta maimakon boris. Case kuma, ta Bradford a Pennsylvania, mai ƙotar ƙashi, don sha'awa ake sayenta, kuma gara a zaɓa da hannu domin aikinsu ba ya zuwa bai ɗaya.

Ko wace aka zaɓa, a gwada ta kafin a amince. A buɗe, a kama bayan ruwan a girgiza hagu da dama: idan yana rawa, yawanci kusar gaɓa ce ta saki, a ɗaure ta kaɗan-kaɗan da sukundireba Torx T8, a sa ɗigon gam shuɗi na ɗaure noti don kada ta sake kwancewa. Rawar sama da ƙasa ita ce mai haɗari, domin makulli ne bai kama ba, irin wannan a mayar. A rufe a leƙa ko ruwan ya zauna tsakiya. Mai makullin falle na ciki, a duba fallen ya hau kusan sulusi zuwa rabin gindin ruwan; idan sabuwa ce ya riga ya kai ƙarshe, ba ta da sauran wurin cinyewa. Wajen wasawa, digiri 15 zuwa 20 kowane gefe ya isa, a tsaya a gefe ɗaya har a ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya juyo ɗaya gefen kafin a juya. A yi hattara da jabu, Bugout da Paramilitary 2 suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma arahar da ta wuce hankali ita ce alamar farko. Doka ma ta bambanta: a Ingila, wadda ake yawo da ita ba tare da dalili ba sai marar makulli wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato ko Opinel lamba 8 ba ta shiga.

Zaɓinmu ga mai son guda ɗaya ta yau da kullum shi ne Victorinox mai hawa biyu ko uku. Wanda yanka zalla ne aikinsa ya ɗauki Opinel, idan kuma dole sai mai buɗewa da hannu ɗaya, Delica. Benchmade sai ga wanda rashin nauyi ya fi masa komai, kuma ya riga ya tanadi dutsen da zai wasa ta.