Masu ɗaukar hoton da suka zo mana matarniti, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Wata ƙawata da muka yi ENSP, makarantar horar da ma'aikatan lafiya, tare ta kira ni jiya wai yaran nan masu studiyon hoto suna so su shigo ɗaukar hoto a CSI ɗinsu, wato ƙaramin asibitin da take aiki, ta yarda ko kar ta yarda, shi ne na ce bari in rubuta nan kowa ya gani in huta da maimaitawa. Ni sashfam ce, wato unguwarzoma, a matarniti (gidan haihuwa) nan Damagaram, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauka a aikinsu na hotunan mata ma'aikatan lafiya, wanda suka baje ran 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, ranar da ake tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991.

Gaskiya da farko ban so ba ko kaɗan. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Shekarun baya wasu 'yan furoje sun zo mana da farar mota, ƙyas ƙyas suka ɗauka suka tafi, bayan wata biyar na je wani taro sai ga fuskata a ƙaton allo ina riƙe da yaro mai tamowa yana lasar Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan da ake ba masu tamowa, ni ba a tambaye ni ba, uwar yaron kuwa balle, kuma matar 'yar unguwarmu ce muna haɗuwa Kasuwar Dole, har yau in na gan ta kunya nake ji.

To waɗannan daban suka zo. 'Yan mata biyu da saurayi ɗaya, shi saurayin ma bai taɓa wuce bakin ƙofar matarniti ba, fitila da jaka kawai yake riƙe musu. Sau uku suna zuwa ba kyamara, su zauna kan benci ranar awo suna kallo suna tambaya, har na fara cewa anya waɗannan sun iya aikin kuwa. Sun bi ta wajen majo, shugaban asibitinmu, sun samo izini, amma ba su ce tunda majo ya yarda shi ke nan ba, kowacce da takardarta, da faransanci da Hausa, an rubuta inda hoton zai je da tsawon lokacin da za su yi amfani da shi, da cewa in ka canza ra'ayi ka kira a cire. Innarmu matron, unguwarzomar gargajiya da ke aiki da mu, ba ta karatu, sai ɗayar ta durƙusa ta karanta mata layi layi tana cewa "Inna kin gane ko in sake?" Inna ta ce "'yar nan ni dai kar ki ɗauke ni ba mayafi." Aka rubuta hakan da bik a ƙasan takardar. Dama tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutum, amma su ne na farko da na ga sun yi kamar sun san da ita.

Abin da ya sa na sakankance da su wani dare ne ina gardi. Aka kawo wata yarinya haihuwar fari, kuran ya ɗauke, muna aiki da tocilan waya, ita mai kyamarar tana gefe, kuma wallahi irin hoton da masu hoto ke mafarki ne. Sai na ga ta rataye kyamarar a baya ta karɓi wayata ta haska mini. Washegari ta dawo ta ɗauki hannuna kawai riƙe da ƙahon nan da muke sauraren bugun zuciyar jariri, hannu duk ya bushe saboda ruwan jabel, babu fuskar mai jego ko ɗaya. Shi ne hoton da na zaɓa. Kuma cikin hotunan har da ma'aikatan shara da wanke ɗakin haihuwa, waɗanda kullum ake mantawa da su alhali su ke neman ruwa in famfo ya ƙafe, kun dai san Zinder da ruwa.

Amma ba zan ɓoye laifinsu ba. Kafin mu zauna zaɓen hotuna, saurayin nan ya ɗora guda a status na WhatsApp wai talla, na wata abokiyar aikinmu tana gyangyaɗi kan tebur bayan kwana gardi, kafin azahar dangin mijinta sun gani ana cewa barci take zuwa yi wurin aiki. Sun cire, sun zo har gida sun ba da haƙuri, ba su yi musu ba, amma wa ya san mutum nawa suka adana? Ita dai ta janye gaba ɗaya kuma ba su roƙe ta ba, suka goge nata a gabanta. Sai kuma rubutun ƙasan hoto, sun fara sa wa Inna "mai taimako", matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, da muka yi magana suka gyara suka sa kalamanta da bakinta.

Kuɗi ba su biya mu ba kuma sun faɗa tun farko, kowa dai ta samu hotonta babba a firam kyauta da kuɗin kabu-kabu ranar bajewar. In kana son ƙarin kwafi jikka uku ne, ni na ga ya yi tsada, ga shi nawa zafin watan Mayu ya sa gefensa ya fara ɗagowa. Lokaci kuwa in sun ce ƙarfe tara ki sa rai sha ɗaya.

Na ba su huɗu cikin biyar. Ƙawata ki yarda, amma ki sa a ƙara a takardar cewa ba status ba Facebook sai kun zaɓa, kuma shi saurayin ma ya sa hannu.